Cooper Black: me ya sa yake ta dawowa, kuma ina ƙugiyoyinmu a cikinsa?

Maizane Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana a kan Cooper Black, salon harafin nan mai kauri, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. A ganina lokaci ya yi da za mu hutar da shi. Allon mai shayi shi ne, ledar burodi shi ne, banar saukar karatu shi ne, rigar 'yan ƙwallon unguwa shi ne. Da zarar mutum ya buɗe manhajar zane ta CorelDRAW yana son rubutu ya fito ɓaro-ɓaro, hannunsa kansa yake tafiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a daidai lokacin da nake ganin ya gaji a hannunmu, masu zanen haruffa a waje sai sake ƙera shi suke yi suna sayarwa. Wanda ya san tarihinsa ya warware mana, me ke cikin harafin nan da ya ƙi mutuwa?

Ɗan Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Ai yayin shekarun 1970 ne kawai. Duk abin da ya yi tashe lokacin yanzu dawowa yake, har wando mai faɗin ƙafa.

Malamar Zane:
Wa alaikumus salam. Ɗan Kantin Kwari, ya girmi shekarun 1970 da kusan shekara hamsin. A 1922 ya fito, a birnin Shikago na Amurka, daga maƙerar haruffa ta Barnhart Brothers & Spindler. Wanda ya zana shi Oswald Bruce Cooper ne, abokan aikinsa suna ce masa Oz. An haife shi a jihar Ohio a 1879, ya tashi a Kansas, ya rasu a 1940. Tun yana saurayi ya shiga maɗaba'a yana koyon aiki, daga baya ya tafi Shikago makarantar zane ta Frank Holme da niyyar zama mai zanen hotuna. A can ya haɗu da Frederic Goudy, wanda ke koyar da rubutun haruffa, sai ya karkata can.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, Cooper ba ma'aikacin maƙera ba ne. Mai rubutun talla ne da hannu. A 1904 shi da Fred Bertsch suka buɗe shagonsu, Bertsch & Cooper, suna rubuta tallace-tallacen jaridu da mujallu. Wato sana'arsa ta fi kusa da ta masu buroshi da ke cikin zauren nan. Har ma akwai wani salon harafi mai suna Packard da kamfanin American Type Founders ya fitar a 1913, wanda aka ɗauko daga rubutun da Cooper ya yi wa kamfanin motoci na Packard. Tun kafin ya fitar da harafi da sunansa an riga an fara kwafar hannunsa.

Kafin Cooper Black akwai wanda ya riga shi, mai matsakaicin kauri, wanda daga baya aka sa wa suna Cooper Old Style. Shi ne ya zo da ƙafafun harafi (wato 'yan layukan da ke ƙarshen sandunan harafi) masu zagaye, babu tsini. Cooper Black ɗin da muka sani shi aka ƙara wa jiki har ya kai maƙura. Da ya karɓu sai aka bi shi da 'yan'uwa: Cooper Hilite a 1925, mai farin layi a cikin jiki kamar haske ya bugi harafin, sannan karkataccen da matsattsen a 1926.

Maizane Fagge:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. To amma tun a lokacin ba a samu masu ƙinsa ba? Don ni ban yarda kowa ya karɓe shi hannu bibbiyu ba.

Malamar Zane:
An samu ƙwarai. Masu ra'ayin tsohon salon ɗab'i sun ɗauke shi annoba, don sun ga shafukan jaridu sun cika da baƙi ƙirin, kowane mai talla yana son ya fi maƙwabcinsa ƙara. Shi Cooper kansa an san shi da cewa ya yi harafin ne don masu ɗab'i masu hangen nesa waɗanda kwastomominsu ba sa gani da nisa. Amma kasuwa ba ta saurari masu suka ba. Alamar da za ka gane ya ci kasuwa ita ce yadda abokan hamayya suka ruga yin nasu. Kamfanin Ludlow ya fitar da Ludlow Black a 1924, zanen Robert Hunter Middleton. Goudy, malamin Cooper ɗin, ya yi Goudy Heavyface a 1925 ga Lanston Monotype. Linotype ya biyo baya da Pabst Extra Bold a 1928. Duk waɗannan martani ne ga abu ɗaya, kuma yau in ba mai bincike ba, wa ke tuna su?

Baba Mai Dalma:
Salamu alaikum yara. Na karanta duka. Malama ta kawo na littafi, bari in kawo na hannu, domin na jera haruffan dalma a wata maɗaba'a a Zariya tun kafin a san kwamfuta.

Maizane, ɗana, amsar tambayarka tana cikin jikin harafin. Harafin dalma ƙarfe ne mai laushi. Kana jera shi ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaure shi cikin firam, inji ya danna shi kan takarda sau dubbai. Abin da ke fara lalacewa shi ne duk wani tsini da duk wani siririn layi. Harafi mai siririyar ƙafa, kafin ka ankara ƙafar ta guntule, ko ta cika da tawada ta zama ɗigo. In ya faɗi ƙasa kuwa sai ka jefa shi cikin kwandon narkewa. Shi wannan ba shi da tsinin da zai karye. An riga an zagaye masa kowace kusurwa tun daga zane. In ya tsufa ba ka ganewa, in tawada ta yi yawa ta bazu ba ka ganewa, in takardar mai arha ce tana shan tawada ba ka ganewa. Duk abin da mummunan bugu zai yi wa harafi, mai zanen ya riga ya yi masa da kansa, kuma ya yi shi da kyau.

Amma kada a ce ba shi da wahala. Yana shan tawada ba kaɗan ba. In ka sa kaɗan, tsakiyar harafin ta fito da fari-fari kamar an yayyafa gishiri. In ka ƙara, takarda ta hau takarda ta ɓata bayanta, sai ka riƙa sa wata tsakani ko ka baza su su bushe. Yaron da aka ba buga fosta da manyan baƙaƙen haruffa ya san ranar ba ta hutu ba ce. Manya-manyan ma ba da dalma ake yin su ba, da katako ake sassaƙa su, don dalma mai wannan girma ta yi nauyi kuma fuskarta ba ta fitowa sumul.

Mai Buroshi:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Abin da kuka faɗa haka yake har a wajenmu. In na yanka sitika da inji, harafi mai kusurwa shi ke ba ni wahala wajen ɓare ragowar, kusurwar ta biyo hannu ta yage. Bayan an liƙa a gilashi ko jikin mota ma daga kusurwa yake fara ɗagowa in rana ta buge shi. Haka a riga: rubutun da ake mannawa da zafi daga tsini yake fara ɓarewa a wanki. Cooper ba shi da inda ruwa zai kama.

Amma ina so in gyara wa masu ganin yana da sauƙin zanawa. Wallahi babu sauƙi. Yaran da ke koyo a wajena suna ɗauka kumbura harafi kawai ake yi, sai su fito da wani abu kamar curin fura. Ku buɗe shi ku ƙara girmansa ku duba. Farin da ke cikin O ba a tsaye yake ba, ya kishingiɗa baya ta hagu. Ɗigon i ba zagayayye ba ne, ɗan ƙwai ne a karkace. Ƙasan ƙafafun ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da ɗan tudu, shi ya sa layin rubutun ke yi kamar yana motsi. Ramukan a da e ƙanana ne sosai, in ka ƙara musu kaɗan harafin ya rame, in ka rage ya toshe. Duk wannan alamar hannun mutumin da ya saba riƙe alƙalami mai faɗin baki ne. In ka daidaita komai da kamfas da rula, ka kashe shi.

Maizane Fagge:
Na ji, kuma hujjar Baba ta shige ni. To amma dalma ta wuce. Me ya hana shi wucewa tare da ita kamar su Ludlow Black?

Malamar Zane:
Ai ya ɗan kwanta. Maƙerar da ta fitar da shi tun 1911 mallakar American Type Founders ce, an dai bar ta tana aiki da sunanta har 1929, sannan aka haɗe ta. Ga karyewar tattalin arziki da ta fara a shekarar, ga yayi ya koma ga haruffa marasa ƙafa irin su Futura, wanda Paul Renner ya fitar a Jamus a 1927. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma salon Suwizalan ya mamaye, Helvetica ta fito a 1957. A wannan tsakanin Cooper Black ya koma harafin ƙananan maɗaba'u, na tallan gwanjo da takardar farashi.

Abu biyu suka tashe shi a shekarun 1960, kuma dukansu na fasaha ne. Na farko jera rubutu da hoto. Maimakon ƙarfe, sai aka sa siffar harafi a fim, a haska ta kan takarda mai ɗaukar haske. A dalma kowane harafi yana zaune kan gindinsa, ba yadda za ka matse shi ya wuce gindin sai ka sare ƙarfen. A fim kuwa kana iya matso da haruffa har su taɓa juna. Sai aka ga Cooper Black in an matse shi yana zama dunƙule ɗaya mai kyau, zagayen wannan ya shige lungun wancan. Wannan matsattsen kamannin shi ne abin da Ɗan Kantin Kwari yake tunawa da shi a matsayin na shekarun 1970, kuma ba haka masu ɗab'in 1922 suka gan shi ba.

Na biyu Letraset, kamfanin Landan da ya fitar da takardar haruffan gogawa a farkon shekarun 1960. Da ita ɗalibi ko mai ƙaramin shago zai yi kanun rubutu ba tare da ya je maɗaba'a ba.

Daga nan sai bangon faifan waƙa. Wanda aka fi ambata shi ne na ƙungiyar Beach Boys na 1966. Bayansa ya bazu a faifai da shirye-shiryen talabijin da rigunan da ake manna wa rubutu.

Baba Mai Dalma:
Letraset kam mun yi aiki da ita sosai da muka koma bugun ofset, wanda ake ɗaukar hoton shafi maimakon jera dalma. Takarda ce mai ɗan sheƙi, haruffan a bayanta. Ka ja layi da shuɗin fensir, don kyamara ba ta ganinsa, ka ɗora harafin daidai, ka goga da bakin biro da ya ƙare, ka ɗaga a hankali. Siraran haruffa sukan tsage a wajen ɗagawa. Masu kauri su kuma sukan dare a tsakiya in takardar ta daɗe ta bushe, sai ka cike da baƙar tawada da siririn alƙalami. Babbar damuwarmu ita ce an lissafa yawan haruffan ne da Turanci. Mu kuwa harafin a muke ci. Takarda za ta ƙare da a, ga e da t da yawa sun yi saura. Sai ka sayi sabuwa saboda harafi ɗaya.

Ƙugiyar su ƙ da ɗ da ɓ kuma da hannu muke yi. Ka goga k, ka kankare kan da reza, ka zana lanƙwasar da alƙalami. Wanda hannunsa ya faɗa, ba za ka gane ƙari ba ne.

Uwar Biyu:
Sannunku da ƙoƙari. Ni katin biki da na suna nake yi, kuma ina da ƙorafi biyu a kan harafin nan, ko da yake kwastomomi suna sonsa. Na ɗaya lambobinsa. Ka rubuta lambar waya, sai ka ga wasu sun sauka ƙasan layi, wasu sun hau, sifili ya zama ƙarami kamar harafin o. Mutane suna dawo mini da aiki suna cewa lambar ta karkace. Na biyu shi Baba ya taɓo. Ka rubuta "ɗaurin aure" ko "ƙanwar amarya", sai kwamfuta ta sa akwati a wurin, ko ta ɗauko wani siririn harafi daga wani salon ta cusa a tsakiyar masu ƙiba. Ƙarshenta sai a rubuta d da k kawai a wuce. Ni abin yana damuna, don katin da za a ajiye shekaru ne.

Malamar Zane:
Hajiya, lambobin ba kuskure ba ne, tsohon tsari ne da aka yi don lamba ta zauna cikin ƙananan haruffa ba tare da ta yi tsawo ta fita daban ba. Kamfanin jiragen easyJet, da aka kafa a Ingila a 1995, da Cooper Black ya yi tambarinsa, kuma a farkonsa lambar wayarsa ya rubuta ƙatuwa a jikin jirgi da waɗannan lambobin masu hawa da sauka. Amma na yarda a kan kati, inda mutum zai kwafi lamba, ya fi kyau ki sa ta da wani salon mai lambobi tsaye.

Ƙorafinki na biyu shi ne ainihin inda nake so muhawarar nan ta je. Da aka shigo zamanin kwamfuta, kamfanoni da dama kowa ya yi nasa kwafin. Wanda ke zuwa da Microsoft Office daban, na Adobe daban. Wanda yawancinmu muka sani ta CorelDRAW mai BT a ƙarshen sunansa na Bitstream ne, kamfanin da aka kafa a Amurka a 1981, kuma su ne suka jera shi cikin iyali mai siriri da matsakaici da mai kauri. An yi waɗannan kwafin ne don harsunan yammacin Turai. Ba wanda ya zauna ya yi tunanin Hausa ko Fulfulde. A tsarin Unicode ma, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, haruffanmu a warwatse suke: ƙ da ƴ da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ suna wani rukuni na ƙarin haruffan Latin, ƙananan ɓ da ɗ kuma suna rukunin alamomin masana furuci. Mai ƙera harafin talla yana ganin rukunin nan sai ya tsallake, yana ɗauka na malaman jami'a ne kawai.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu namu ya fi naku, don mu da ƴ muke rubuta abin da kuke sa wa alama a gaban y. Ku in ƙugiya ta gagara kuna da mafita a wannan harafin, mu babu. Ga kuma Faransanci a gefe, wanda shi duk alamominsa suna nan cif. Allo ɗaya, layin Faransanci ya fito daidai, layin Hausa ya fito da gurgun harafi. Mai karatu yana gani, ko bai faɗa ba ya san wanne aka ɗauka da muhimmanci.

Maizane Fagge:
To ai kun dawo kan maganata ta wata hanya. In bai iya rubuta harshenmu ba, me ya sa za mu riƙe shi? Akwai salo da yawa na kyauta da ke da ƙugiya.

Mai Buroshi:
Akwai, amma kawo mini ɗaya da zai yi aikin da yake yi a allon da za a karanta daga tsallaken titi, kuma mutum ya ji kamar ana yi masa maraba. Masu kauri marasa ƙafa suna da ƙarfi, amma umarni suke bayarwa. Mai abinci ba ya son allonsa ya yi kama da na ofishin 'yan sanda.

Malamar Zane:
Abin da Mai Buroshi ya faɗa shi ne dalilin dawowarsa ta baya-bayan nan. Shekaru aka yi kamfanonin intanet duk suna amfani da sirara marasa ƙafa har suka zama ba a bambance su. Sai aka fara neman mai laushi. Kamfanin yogot na Chobani ya sauya kamanni a 2017 da harafin da Berton Hasebe ya zana masa, mai jini ɗaya da wannan gidan. Mailchimp ya ɗauki Cooper Light a 2018. A shekarar ce kuma Latinotype ta ƙasar Chile ta fitar da Recoleta, wanda ya ɗebo daga Cooper da wani salon harafi mai suna Windsor. Miles Newlyn a Ingila ya sake gina iyalin gaba ɗaya ya kira shi New Kansas, saboda jihar da Cooper ya tashi.

Sai dai ni ina da ra'ayi a kan waɗannan. Mafi yawansu sun yi wanka da yawa. An gyara duk wata 'yar karkata, an daidaita kauri, an sa komai ya bi ƙa'ida don ya yi kyau a fuskar waya. Suna da amfani, ban musa ba. Amma abin da ya sa na asalin ya rayu shi ne rashin daidaiton nan na hannu da Mai Buroshi ya lissafa. Farfaɗowar da nake girmamawa ita ce wadda ta koma kan samfurin da aka buga da dalma ta duba, ba wadda ta kwafi kwafin fim da aka kwafa zuwa kwamfuta ba. Sannan ta ƙara abin da mai zanen bai samu dalilin yi ba a zamaninsa. A wajenmu wannan ƙarin shi ne ƙugiya.

Ɗan Kantin Kwari:
To me zai hana mu buɗe wanda ke kwamfutarmu mu ƙara masa, mu rarraba a zauren nan? Mai shi ya rasu tun 1940.

Malamar Zane:
A'a, a nan sai an yi hattara. Siffar harafi daban, fayil ɗin kwamfuta daban. A Amurka kotu ta tabbatar a 1978, a shari'ar Eltra da Ringer, cewa siffar salon harafi ba ta samun kariyar haƙƙin mallaka, shi ya sa kowa ke iya sake zana Cooper. Amma a 1998, a shari'ar Adobe da Southern Software, an yanke cewa fayil ɗin yana da kariya a matsayin manhaja. Wanda ke cikin Office ko Corel lasisi aka ba ka na amfani, ba na gyarawa da rabawa ba. In ka mayar da rubutu zane a cikin aikin kwastoma ɗaya ka gyara kan k da hannu, wannan irin abin da su Baba suka yi da reza ne. Amma fitar da sabon fayil daga nasu, wannan cin haƙƙi ne, ko ba a kama ka ba.

Hanya mai tsabta tana nan. Owen Earl ya yi wata farfaɗowa mai suna Cooper*, da tauraro a ƙarshe, ƙarƙashin lasisin SIL Open Font License. Wannan lasisin ya yarda ka gyara, ka ƙara, ka raba, da sharaɗin abin da ka fitar ya zauna ƙarƙashin lasisin, kada ka sayar da fayil ɗin shi kaɗai, kuma in an keɓe sunan ka sauya suna. Manhajar ƙera haruffa ta FontForge kuma kyauta ce.

Maizane Fagge:
Wannan kam zan iya sa hannu, don in har zai zauna a allunanmu gara ya zauna da Hausa daidai. Har yanzu ina nan kan cewa mun cika amfani da shi inda bai dace ba, musamman a rubutu mai tsawo da ƙanana, inda ramukansa ke toshewa. Amma bari in tambayi masu hannu. Na gwada ɗora ƙugiya a kan b yanzu, na ɗauko ta daga kan f. Ta yi nauyi, harafin kamar zai kife gaba.

Mai Buroshi:
Dole ta yi nauyi. Kan f an yi shi ne ya cika fili shi kaɗai, babu ciki a ƙarƙashinsa. A ɓ kuwa akwai tumbi a ƙasa, kuma wuyan Cooper gajere ne, tsakanin tumbin da saman harafin ɗan wuri ne. Ka rage ƙwallon ƙugiyar, ka sirance wuyan daidai inda ya fara lanƙwasa, ka bar fari tsakaninta da tumbin wanda bai gaza farin cikin e ba. In ya gaza, daga nesa za a ga B ne. Kada ka ƙara wa harafin tsawo sosai don neman wuri, zai fita daga layin su l da h.

Ɗan Maraɗi:
Ƴ ɗin kuma a hannun dama ake sa ta, a sama. Na ga waɗanda suke sa ta a wutsiya, ba haka muke rubutawa ba.

Baba Mai Dalma:
Ku ji wadda za ta ba ku wahala, ɗ ce. A ɓ da ƙ ƙugiyar tana faɗawa kan jikin harafin, tana da gidanta. A ɗ sandar tana dama, ƙugiyar sai ta leƙa waje kan harafin da ke biye. In a ne ko o, babu laifi, ta sami inuwa. In i ne, sai ta ci karo da ɗigon, kuma ɗigon Cooper ƙato ne. Mu kuwa ɗi ba ta ƙarewa a bakinmu: kuɗi, daɗi, ɗinki, faɗi. In ka buɗa tsakani don su rabu, kalmar ta yi giɓi a ƙasa. Abin da muke yi da alƙalami shi ne mu taƙaita ƙugiyar ɗ ta fi ta ƙ gajarta, mu ɗan ɗaga bakinta sama, ɗigon i kuma mu matsar da shi dama kaɗan. Ku gwada da "shimfiɗi" da "daɗaɗɗe", inda biyu ke jere. In waɗannan sun zauna, sauran za su zauna.

Kuma kada ku yanke hukunci a fuskar kwamfuta. Ku buga a takarda mai arha, irin ta fostar siyasa, ku manna a bango, ku ja da baya taku ashirin.

Uwar Biyu:
In kun yi, ku turo mini in gwada a kati, don ni ƙanana nake bugawa, kuma a takarda mai sheƙi tawada ba ta shiga, a sama take zama. A haɗa da manyan Ɗ da Ƙ don Allah, sunayen mutane da su suke farawa.

Maizane Fagge:
To Hajiya. Zan fara da ƙananan huɗu in saka hotonsu a nan, sannan manya. Mai Buroshi, a babban Ƙ, hannun sama zan lanƙwasa ko sandar hagu?

Mai Buroshi:
Hannun sama na dama. Na hagu na Ɓ da Ɗ ne. Ka cire ƙafar da ke kan hannun gaba ɗaya, ka juya bakinsa ƙasa, ka duba yadda kan C yake ƙarewa ka bi shi. Sai ka rubuta "Ƙaraye" da "Ƙofar Mata" ka turo mu gani.